Ranar Da Na Shanya Waƙar Abokina a Kan Kwano

Edita, ni dai a shekarun saba'in ba ni da sana'ar da ta wuce baki. Ina ɗan ashirin da 'yan kai, wando fantalo, suma kamar akurkin kaji, in na fara zuba a tasha har direba sai ya manta da ta da mota. Lokacin ma garin namu Abuja ake ce masa, bai zama Suleja ba. Yanzu na tsufa, kuma akwai abin da nake so in amayar a shafinku.

Akwai wani Ibo mai gyaran rediyo a Kwamba da ya dawo bayan yaƙin basasa da rikoda mai babban zare. Akwai kuma abokina, malamin firamare, mai kaɗa gita yana waƙar rok da Hausa, shi da wasu samari uku. In ya buɗe murya har awakin unguwa sai su bar tuƙa. Ni na haɗa su, na ce mu kafa kamfanin faifai namu, tunda manyan Ikko ba su san da zamanmu ba. Ofishinmu benci ɗaya ne a bayan shago. Mai rediyo injiniya, ni kuwa na naɗa kaina manaja ba tare da kowa ya zaɓe ni ba. Muka toshe taga da katifa muka ɗauki waƙa huɗu. Na yi ta hure wa abokina kunne har ya ajiye koyarwa. Mahaifiyarsa ta kira ni, tana ce mini ɗana, ta roƙe ni in bar mata yaronta da allinsa. Na ce ta kwantar da hankali, baɗi da mota zai zo gaishe ta.

Ni na kai zaren Ikko aka buga mana fayafai. A dawowa ruwan farkon damina ya kama mu a bayan gingimari, kwalayen suka jiƙe sharkaf. Na iso da hantsi ban gaya wa kowa ba, don ina so in shiga shago da kaya tsaf in sha kirari. To ni ɗan manomi ne, abin da ya jiƙe shanya shi ake yi. Na hau rufin kwanon gidanmu na jera su ɗaya bayan ɗaya kamar barkono, na wuce tasha ina ba da labarin teku. Da la'asar na dawo na tarar duk sun lanƙwashe, wani kamar kunnen jaki, wani kamar tasar miya. Muka ɗora ɗaya a garmaho, allura na hawa da sauka kamar keke a hanyar Garam, muryar abokina ta koma ta mai ciwon haƙori.

Mai rediyo ya haɗiye fushinsa, ya ce ba komai, manaja ya kawo zaren a sake bugawa. A ma'aikatar buga faifan a Ikko sun miƙo mini shi, ni kuwa don a ga babban mutum na ce su riƙe, mai tuwo ba ya ɗaukar dusa. Da na koma nema, an riga an naɗi waƙar coci a kansa. Samarin nan suka watse, mai ganga ya shiga soja, mai rediyo ya ce kada ƙafata ta sake taka shagonsa. Kamfanin namu ke nan daga farko har ƙarshe. Abokina ya koma neman aikinsa ya tarar an ba wani, ya ƙare a ɗinkin keke a Madalla. Bai taɓa zagina ba, yaya yake ce mini har ya bar duniya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan sadakar arba'in 'yarsa ta zo ta durƙusa, ta ce baba, an ce mata mahaifinta ya yi faifai, tana so ta ji muryarsa ko sau ɗaya. Ni kuwa da na shanya muryar a kan kwano, ba ni da ko faifai ɗaya mai kyau da zan miƙa mata.

Abin da na koya shi ne, jahilci ba ya kashe mutum sai ya haɗu da jin kunyar tambaya. Masu baki irin nawa, in an damƙa muku abin wani, ku tambayi wanda ya sani kafin ku taɓa. Kuma kada ku raba mutum da aikinsa da zaƙin baki, don ku gobe za ku sami wani labarin, shi kuwa rayuwarsa ɗaya ce.