Kunun Talatu

Wata biyar ke nan ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Ina raye.

Ranar gayya ce a gonar maƙwabcina Garba. Matarsa Talatu, mai sai da kunu a bakin kasuwa, ta kawo mana kunu a jarka. Ni ne babba, ni aka fara miƙa wa. Na sha sosai kafin ɗacin ya taɓa ni. Ashe jarkar maganin feshi ce ta wanke, don a wannan tsadar ba mai jefar da jarka.

Kafin la'asar sai amai, yawu na zuba, ido na gani dishi-dishi. A babur aka kai ni asibiti, suka tura mu Kano.

Ƙarin ruwa, ɗibar jini kullum safe, robar fitsari. Likita ya ce, "Baba, ƙodarka ta ji jiki." Sau uku aka yi mini wankin ƙoda. Tumakinmu duka suka tafi. Na ji tsoron mutuwa, ba zan ɓoye ba.

Ina kwance aka fara cewa da gangan ne, wai don ni Kirista ne. Na san ƙarya ce. Shekara talatin muna aron fartanya da Garba. Amma na yi shiru, don ina jin haushi, kuma shirun ya yi mini daɗi. Garba ya zo dubiya, na juya wa bango fuska.

Na dawo gida na tarar ba mai sayen kunun Talatu. Ran Lahadi a coci, da muka zo wurin neman gafara a addu'a, bakina ya mutu. Matata Rifkatu ta ce, "Malam, Yesu ya tashe ka, kai kuma ka bar baiwar Allah a kwance."

Ran kasuwa na dogara sanda na je. Talatu na ganina ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Zuba mini."

"Baba Ishaya, ka rufa mini asiri."

"Abin da na zo yi ke nan. Cika kofin."

Ta zuba. Na shanye a gaban kowa, na ce ta ƙara.

Na gode wa Ubangiji, da ma'aikatan asibiti, da ku masu addu'a, Musulmi da Kirista.

Jarkar feshi ba ta wankuwa, a huda ta a binne. Wanda ya sha maganin, kar a tsaya ba shi manja, a tafi asibiti da jarkar. In kuma kalma ɗaya daga bakinka za ta wanke wani, kar ka kai wata biyar irina.