Tagar da Malam Abdou ya ƙi sa wa ƙarfe

Ni Rabi'atu na taɓa yi wa Malam Abdou rashin kunya a gaban mutane, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mutumin Maraɗi ne, gajere, mai kaurin hannu. Shekara ashirin ya yi yana walda a can, aikinsa sa wa tagogi ƙarfen tsaron ɓarayi. Da ya zo New York ya fara da dakon kaya a shagunan titi na 116 a unguwar Harlem, daga baya wani kamfanin tagogi ya ɗauke shi. Can ya koyi sa gilashi mai ninki biyu wanda ko guguwa ta jefo masa katako ba ya tarwatsewa, da ƙofofin da iska ba ta ɓalle su. Gidajen bakin teku na Rockaway kuwa, ya san su kamar yunwar cikinsa.

Ni da Inna, mahaifiyata, muna haya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Soundview, kusa da ruwa. Taga ɗaya gare mu, can sama daidai da titi. Da mai gidan ya yarda a canza ta, Malam Abdou ya kawo sabuwa, mai faɗi, wadda ake buɗewa ta ciki da hannu ɗaya. Inna ta dube ta sama da ƙasa.

“Malam, ina ƙarfen? A Kano ko ɗakin kaji ba a barin tagarsa tsirara.”

“Inna, ki yi haƙuri,” in ji shi. “Wanga ɗaki ba ni sa mashi ƙarhe. Gilashin ko da guduma ɓarawo sai ya gaji.”

Nan fa na hau shi. Na ce masa ya zo Amurka ya manta sana'ar da ta ciyar da shi, ƙyuya ce kawai yake fakewa da boko. Maƙwabta suna ji. Shi kuwa ya sa Inna ta gwada buɗe tagar har sau uku, ya tattara kayansa ya tafi. Wata biyar ban amsa gaisuwarsa ba.

Wata safiyar Juma'a aka tashi da ruwa da iska kamar da bakin ƙwarya. Muna karyawa muka ga ruwa yana gangarowa ta matakala. Kafin in nemo takardunmu ya kai gwiwa. Na tura ƙofa, ruwan waje ya danne ta, ko motsi. Inna tana ta salati. Ita ce ma ta nuna tagar. Na ja tebur, na ɗora ta a kai, ta murɗa mariƙin yadda Malam Abdou ya koya mata. Tsohuwa mai shekara saba'in da uku ta fita ta taga da rarrafe, na bi bayanta.

Washegari ya zo gidan ƙanwata inda muka fake. Na sunkuyar da kai na ce, “Malam Abdou, ka yafe mini.”

Ya ce ba komai. Sannan ya gaya mana cewa shekarun baya an tura shi gyaran wani ɗakin ƙasa a Queens bayan ambaliya. Tagar tana da ƙarfe, an yi masa walda mai kyau.

“Irin aikin hannuna ne sak, Hajiya. Mutanen ɗakin sun ja shi har ya lanƙwashe, amma bai ɓalle ba. Ba wanda ya hito da rai.”

Tun daga ranar da ya ga wannan taga bai sake sa wa tagar kowa ƙarfe ba.

Yanzu duk wanda ya tambaye ni mai sa taga, da alfahari nake cewa namu ne, Bahaushe ne. Inna kuwa ba ta kiransa Malam. In ta hango shi sai ta ce, “Ga ɗana nan da ya ƙi jin maganata.”