Shigar da Na Yi Don Zuwa Dubiya

Wautata ita ce na ɗauki sarƙar yayata na rataya a wuya don zan je dubiya. Sarƙar ma ba ta gwal ba ce, irin wadda ke bar wa mutum kore a fata ce in ya yi gumi.

A ajin Turanci abin ya faro. Malamarmu ta rubuta insular a allo, ta ce asalin kalmar daga tsibiri ne, ƙasar da ruwa ya kewaye. Amma a maganar yau da kullum, in ji ta, mutum ake nufi wanda ya kulle kansa cikin nasa, bai san kowa ba sai danginsa, kuma ba ya son ya sani. Ta ce ba kalmar yabo ba ce. Da ta nemi misali, wata yarinya mai baki kamar reza ta nuna ni da biro.

"Ma, ga shi nan zaune. A Anguwan Rogo aka haife shi, a can yake aski, inuwarsa ma ba ta taɓa tsallaka titi ba."

Na miƙe na rantse babu lungun Jos da ban taka ba. Gaskiya kuwa hanya ɗaya na sani, daga gida zuwa makaranta. Tun rikicin da aka yi ina goye Baba ya kafa doka, ba mai shiga unguwar da ba tamu ba.

A lokacin abokin bencina, Kirista ɗan Birom, yana kwance a gida da karaya. Gidansu na Nasarawa Gwom, ɓangaren da 'yan layinmu ke ambata da ƙaramar murya. Yarinyar ta ce in na isa in je in duba shi ran Asabar, in ɗauko hoto.

Na sha jin manya na cewa mai tsallakawa cire hula yake yi ya sa a aljihu. Ni sai na ga cire hula ya yi kaɗan. Na fita da kaftanina kamar mutumin kirki, na shiga wani kango na tuɓe, na sa wandon jins da na yayyaga gwiwarsa da almakashin Baba, da riga mai hoton ƙwarangwal, da hular hana-sallah na juya ta baya, da sarƙa. Na zana kunama a damtse da biro. A tunanina haka duk suke yawo. Kaftan da hula na cusa su a leda.

Da na isa, babar abokina ce ta buɗe ƙofa. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ɗana, kare ne ya bi ka?"

A tsakar gida kuwa ga babansa zaune cikin kaftani mai guga da hula zanna, ya fi limamin layinmu kama da liman. Abokina ya yi dariya har sai da ya riƙe ƙafar da aka ɗaure yana roƙona in fita daga gabansa. Aka kawo mini gwate da zafinsa. Ina cikin sha wayar baban ta yi ƙara.

Bai yi magana mai tsawo ba. Ya ajiye wayar ya ce wa matarsa ta rufe get. A waje na ji ana jan ƙofofin shaguna ɗaya bayan ɗaya, da takun mutane masu gudu ba tare da ihu ba. Wanda ya girma a Jos ya san wannan shirun.

"Wai ana gudu a kasuwar Katako," ya ce. "Ba wanda ya san dalili. Gidanku sun san kana nan?"

Na girgiza kai.

Babar ta ce in kwana. Baban ya ce a'a, in aka nemi yaro aka rasa a rana irin wannan, abin da babu ma sai ya zama akwai. Ya kira wani mai keke napep maƙwabcinsu, ya riƙe hannuna har cikin keken, ya ce masa, "Ka kai shi iyakar inda za ka iya."

Iyakar inda zai iya ita ce bakin babban titi. Ya taka birki ya ce, "Oga, daga nan sai ƙafarka." Bai jira na gode ba ya juya. Sai da ƙurarsa ta kwanta na tuna ledata tana kan kujera a gidan abokina.

Na tsallaka titi. A bakin layin da ke shiga unguwarmu samari sun gitta benci, wasu da gora a hannu. Ban san ko ɗaya ba, na ƙasan unguwa ne. Na yi sallama, muryata ta fito kamar ta ɗan akuya.

"Dakata nan. Ina za ka?"

"Gida."

"Gidan wa?"

Na faɗi sunan Baba, na ce tela ne. Wani dogo ya ce teloli a Anguwan Rogo sun fi allurai yawa. Ya sa yatsa ya ɗago sarƙar, ya dubi kunamar da gumi ya fara narkarwa.

"Daga wancan ɓangaren muka ga an sauke ka. Wa ya aiko ka?"

Suka matso. Wani ya ce in karanta Fatiha. Ni da nake ja wa ƙannena sallah a gida, na buɗe baki na ji kaina fayau kamar an share allo. Na fara, na sarƙe, na sake farawa. Wani daga baya ya ce, "Haddacewa ya yi." Na ji gora ta taɓa kafaɗata, ba duka ba, an dai ɗora ta.

"Ku kira babana," na ce. Lambarsa ce kaɗai abin da ya rage a kaina.

Dogon ya kira, ya sa a sifika. Ta yi ta ƙara har na fara tunanin wa zai gaji takalmin ƙwallona. Sannan Baba ya ɗauka.

"Alhaji, akwai wani yaro a nan mai sarƙa, wai ɗanka ne."

"Ɗana ba ya sa sarƙa," in ji Baba.

Na kurma kuka na ce, "Baba, ni ne, ta Yaya ce."

Baba ya ce kada kowa ya taɓa ni, ga shi nan. Ya iso da tef ɗin awo a wuya, silifas ƙafa daban-daban. Ya dube ni, ya dubi samarin, ya ce nasa ne. Suka janye benci. Ya dafa wuyana, bai sake ni ba har gida.

Kafin magariba labari ya zo cewa tulin katako ne ya rushe a kasuwa, mutane suka ji ƙara suka watse. Ba wanda ya ji ciwo. Baba ya sa na ba shi lambar gidan abokina, ya shiga ɗaki ya kira baban, suka daɗe suna magana. Ni kuma aka hana ni fita ko'ina sai makaranta har ƙarshen zango.