Ranar da na shigar da shanu gonar mahaifiyata

Shekarun baya, tun Nasara na mulkin Damagaram, na yi aikin soja a Madagaskar. Tsibiri ne a tsakiyar teku, amma don girmansa sai ka yi ta tafiya a mota ba ka ga bakin ruwa ba. Zan faɗi abin a jere yadda ya faru, don ba na son labari mai tsalle-tsalle.

Ƙasarsu ja ce kamar ta tukwane. Shanunsu masu tozo ne irin namu, kuma da su ake auna mutum. Abincinsu shinkafa ce safe da rana da dare, har ruwan ƙanzonta suke sha kamar shayi. Su ma Faransa ke mulkinsu, kuma mun isa ne bayan wani tawaye, saboda haka ba mai yi mana fara'a. Ban ga laifinsu ba. Aikina gadi ne a ƙofar bariki, gangaren barikin kuwa duk gonakin shinkafa ne. Mai gadi ba shi da abin yi sai kallo, ni kuma na kalla da kyau. Da farko su yafa iri a ɗan ƙaramin fili. Kafin ya tasa, su tare ruwa a babbar gona, su koro shanu ciki da ihu, shanun su tattake ƙasar har ta koma kamar kunu. Daga nan mata su tuge tsiron su dasa.

Da na dawo ƙauyenmu kusa da Hamdara, na tarar mahaifina ya rasu. Ya bar wa mahaifiyata fili a bakin tapki, inda ruwa ke kwanciya duk damina. Gero ba ya yi, dawa sai ta ruɓe, don haka aka daina noma shi. Ana nan, a shekarar 'yancin kai, mai gari ya kira ni.

"Soja, ka san al'ada," ya ce. "Ƙasar da aka daina nomawa hannun gari take komawa. Masu tubali sun roƙe ni su haƙa wurin. In kaka ta yi ba a girbe komai ba, nasu ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za a girbe."

Da na faɗa wa mahaifiyata, ta ce, "Nan mahaifinka ya fara sara shekarar da ya auro ni. Ba na so in ga wurin ya zama kududdufi."

Na tafi kasuwar Zinder na sami shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, wurin wani Bakano. Ya ce, "Shinkafa a Hamdara? Soja, ko ranar can ta taɓa maka kai?" Na biya shi na tafi. Da ruwa ya zauna na yafa iri, ya fito. Saura shanu.

Ina da aboki Bafillace tun muna yara. Ni kuma jinin Barebari ne ta wajen uwa, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya. Na same shi a ruga.

"Ina so ka shigar da shanunka gonar Inna."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Bawana, ashe wayo Nasara ya koya maka. In shigar, ka ruga wurin mai gari, a ci ni tara, ka yi aure da bijimina?"

"Wa zai yi aure da wannan ramammen? Ni zan ja shi da hannuna, ina gaba kuna baya. In an kama, ni aka kama."

Da ƙyar ya yarda. Na tsara komai kamar fareti, amma na mance abu ɗaya: ban sanar da gari ba. A wurinmu kuwa shanu a gona da damina ma'anarsa ɗaya ce. Muna shiga ruwan da hantsi, wata mata ta rangaɗa ihu, "Shanu a gona!" Kafin ka ce me, maza sun fito da sanduna da fartanyu. Abokina ya ce, "Ka kashe ni, Babarbare!" Ya fara kiran shanunsa su fita. In suka fita, ba Bafillacen da zai sake shigar mini, filin kuma ya tafi.

Na juya in tare mutane, bijimin ya fizge, na kife a taɓo da takalman sojana. Na miƙe ba a ganin komai sai idona, na daka tsawa irin ta sarjan ɗinmu: "Gardabu!" Wato a ƙame, da Faransanci. Babu wanda ya san ma'anarta, amma suka tsaya, wasu dariya ta kayar da sandunansu.

Sai ga mahaifiyata. Ita ma ba ta yarda da aikin ba, na sani. Ta tsaya a bakin ruwa ta ce, "Gonar wa ce?"

"Taki ce, Inna."

"Na kai ƙara?"

"A'a, Inna."

"To, mai sanda ya kora mana shanu da ita, ko ya koma gida."

Samari suka faɗa ruwa don nishaɗi, aka yi ta kora har la'asar. Ƙasa ta yi laushi yadda nake so.

Ranar dashe ta ce, "Abin da Allah ya fitar kake tugewa, kai wannan?" Amma ta ɗaure zane ta shiga. Lokacin da jama'a suka tafi Zinder kallon bikin 'yancin kai, mu muna duƙe cikin taɓo. Tsiron ya kwanta ya yi ja, aka laƙaba mini suna Madagaskar don ba'a. Sannan ya miƙe, ya yi kore shar, ya fitar da kai.

Da kaka mai gari ya zo da kansa. Ya murza zangarniya a tafinsa, ya hure, ya tauna. Ya ce, "Masu tubali su nemi wani wuri." Mahaifiyata ta yi guɗa, ban taɓa jin ta yi ba sai ranar. Akushin farko ruga ta aika. Abokina ya cinye ya ce in gaya wa Inna bawansa bai iya komai ba, shanunsa ne suka yi noman.

A shekarar nan su ma mutanen tsibirin suka sami 'yancinsu. Na kan tuna su. Da bindiga aka tsayar da ni a kansu, ba wanda ya taɓa ce mini sannu, amma aikin hannunsu ne ya riƙe mana gonar mahaifina. Abin da na koya shi ne in za ka kawo sabon abu, fara sanar da maƙwabta kafin shanu. Filin yana hannunmu har yau. Sunan ba'ar ma bai fita ba, kuma in aka kira Madagaskar a kasuwa, da ƙarfi nake amsawa.