Layar Da Kaka Ta Ɗinke

A Saint-Fons, gefen birnin Lyon, aka haife ni, a hawa na huɗu na wani dogon gini da tagoginsa ke kallon hayaƙin masana'antun sinadarai. Murhu dai ba mu da shi. Abin da muke da shi ƙarfen ɗumama ɗaki ne a jikin bango, kuma gindinsa Kaka ta mayar fadarta tun da aka ɗauko ta daga Damagaram don ta yi renonmu. Da an sallame magariba sai ta miƙe ƙafa, ta ce, "Angona, matso, ga wata nan ta taho." Ni ne angon, ina ɗan shekara bakwai, Hausar tawa ma da ƙyar take tsayuwa.

Gizo da Ƙoƙi sun sha zuwa ɗakin nan, amma tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta Mai Ƙanƙanta Littafi. Wai wani masanin haɗa sinadarai ne a Paris, wanda abu ɗaya ya hana shi sukuni. Ilimi na jibge a manyan ɗakunan karatu, likitan da ke can nesa kuwa mara lafiya na mutuwa a hannunsa saboda shafi biyu da bai samu ya karanta ba. Sai ya riƙa ɗaukar hoton shafuka a kan siririn fim, har littafi guda ya shige kwalin ashana. Aka yi ta yi masa dariya. Da yaƙi ya toshe hanyoyi, akwatunan littattafai suka kasa motsi, nasa kuwa yana tafiya a cikin ambulan. Dokarsa ɗaya ce, in ji Kaka: duk abin da ya ɗauka sai ya yi biyu, ya tura ɗaya nesa.

Nan ne muryarta kan sauya. Tana budurwa wani almajirin mutumin nan ya iso Damagaram da na'urarsa, a bakinsa ta ji labarin. Mahaifinta marini ne, yana da kundin ajami da ya rubuta sirrin haɗa baba da toka a ciki. Baƙon ya ɗauki hoton kundin, ya bar musu fim ɗaya, ya tafi da ɗaya. Daga baya gara ta cinye kundin.

"Baba ya yi sake," takan ce. "Sirrin gida a hannun baƙo. Nawa kam ba mai gani."

Sai ta dafa ƙirjinta. Ta sa baduku ya ɗinke fim ɗin a fata kamar laya, ko wanka ba ta cire shi. Ta yabi mai rabawa, ta ƙulle nata, ni kuwa ban taɓa lura da wannan ba sai da na yi gemu.

Wannan tatsuniyar ce ta kai ni karatun sinadarai. Ina aiki a ɗaya daga cikin masana'antun nan Kaka ta kwanta a asibiti a Lyon, likitoci suka ce kwanaki ne suka rage. Ta ciro layar ta damƙa mini.

"Farke ta, Nasiru. So nike in ga rubutun Baba kahin in tahi."

A gida na sa reza. Tun kafin fatar ta gama buɗewa warin tsami ya buge ni, na kuwa san warin nan a wurin aiki. Irin wannan fim in ya tsufa tsami yake fitarwa, in kuma aka toshe shi, ga zafin jiki, tsamin ya koma ya cinye shi. Ya manne, ya ƙanƙance, da na taɓa sai ya ruguje a yatsuna. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka.

Washegari na yi mata ƙarya, na ce na'urar karanta shi sai a Paris. Na hau jirgin ƙasa neman fim ɗin da baƙon ya tafi da shi, ban san ko sunansa ba. Kwana uku ina shiga ɗakunan karatu ina fita, ina maimaita labarin da ni kaina na ji ya yi kama da tatsuniya. Duk sa'ad da wayata ta yi ƙara sai in yi sauri in ɗauka. Ƙanwata ta ce Kaka ta daina cin abinci, ƙofa kawai take kallo. A rana ta uku wata dattijuwar ma'aikaciya ta ji tausayina, ta sauka rumbun ƙasa, ta dawo da wani ƙaramin kwali da aka rubuta Zinder, wato Damagaram, da kalmar rini a jikinsa. Fim ɗin da ke ciki lafiyarsa lau, yana kwance cikin sanyi da iska.

Na iso asibiti da shafukan a buge a takarda. Idon Kaka ya riga ya dushe, ni kuma ban iya ajami ba. Ga takardu a tsakaninmu, ba mai iya karanta wa ɗan'uwansa. Tana juya su a hankali, sai ta tsaya a kan wani baƙin tabo a gefen shafi, ta kai shi dab da idonta.

"Yatsanshi ne. Hannunshi bai taɓa rabuwa da shuni ba."

Ta ɗora nata yatsan a kai, ta daɗe. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Nawa ya mutu ko?"

Na ce ya mutu.

"To na baƙon ne ya rayu. Angona, kar ka ɗinke wannan."

Ta rasu bayan kwana biyu. Na tura shafukan ga duk dangin da na san inda suke, daga Damagaram har Montreuil da ke gefen Paris, har da waɗanda ba su tambaya ba. Ina yaro na zaci tatsuniyar labarin wayo ce, mutumin da ya cusa littafi a kwalin ashana. Yanzu na gane a kan fim na biyun nan take, wanda ake sakin hannu a bari ya tafi. Duk Asabar ina zuwa wurin wani malami ina koyon ajami, na kai shafi na huɗu. Tabon yatsan yana shafi na tara.