Madubin da Ya Kori Shanun Huɗa

Ranar Lahadi ce, a farkon daminar shekarar da na bar aikin rediyo, da misalin ƙarfe goma na safe, a zauren dagacin wani ƙauye da ke bakin hanyar Kabo zuwa Gwarzo. Akwai dagaci a kan buzunsa, da mai gonar gyaɗar da aka yi wa ɓarna, da mai shanun da suka yi ɓarnar, da kawuna, da ni. Ni rakiya na yi. Kawu kuwa ƙararsa aka kai, ko da yake shi a ganinsa gayyatarsa aka yi ya ba da lacca.

Kawu ya koyar da kimiyya a sakandare har ya yi ritaya. Tun da ya rasa aji sai ya mai da dangi ɗalibai. Ba a zuba masa shayi ya sha bai bayyana wa mai zubawar dalilin tururi ba.

Ga abin da ya faru. Ranar Juma'a aka ɗauko kayan ɗakin 'yarsa daga Kabo za a kai Gwarzo a a-kori-kura. Cikin kayan akwai dogon madubi, wanda mata suka naɗe da zanen atamfa kamar yadda aka saba, don a wurinmu madubin amarya ba ya tafiya a buɗe, kada ya ga fuskar wani kafin ta mai shi. Kawu ya ce camfi ne. Ya yaye zanen, ya ninka shi ya shimfiɗa a kujerar gaba, wadda ƙarfe ya ɓullo mata, ya zauna a kai. Madubin kuma ya sa aka ɗaure shi a tsaye can saman kaya, fuskarsa gaba, wai kada gado ya karce shi.

Bayan la'asar suka kama hanya, sun fuskanci yamma, rana tana gabansu. A wata kwana madubin ya kwashi ranar nan ya watsa a idon bijimai biyu da ke jan garma a bakin titi. Suka zabura da garmar a bayansu, suka keta gonar maƙwabci tun daga wannan iyaka har waccan, suka juyo suka sake ketawa. Gyaɗar da ta fara buɗe ganye ta koma saiwa a sama.

Mai gonar dattijo ne, 'ya'yansa duk suna birni. Abin da yake nema ɗaya ne: a sami wanda zai gyara masa kunyoyi a sake shuka kafin lokacin ya wuce. In aka ce ƙaddara ce, to shi da gonarsa.

Dagaci ya saurari kowa, kuma a fili yake ba ya son ya kunyata babban mutum da ya kawo 'yarsa aure yankin. Ya gyara rawani ya ce, "Jama'a, rana ta Allah ce. Madubi ba ya haifar haske, abin da aka ba shi yake mayarwa, bai ƙara ba bai rage ba. Dabba kuma ba ta da hankali. Wa za mu kama? Sai dai mu ce Allah ya mayar da alheri."

Dattijon ya sunkuyar da kai. An fara ɗaga hannu za a shafa fatiha.

Sai Kawu ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, akwai ɗan gyara."

Na ja gefen rigarsa. Ya ce, "Sake ni, ɗan jarida. Ba zan zauna a tafka kuskure a gabana ba." Ya juya ga dagaci. "Maganarka gaskiya ce in madubin yana tsaye wuri ɗaya. Namu tafiya yake yi."

Daga nan ya shiga bayani, rabi Hausa rabi Turanci, yana zana layuka a ƙasa da tsinken sakace. Da abin ya yi tsawo, dagaci ya dube ni ya ce, "Kai da ka saba karanta mana labarai, mai da mana wannan Hausa."

Aikin da aka koya mini ke nan, kuma an koya mini kada in ƙara kada in rage. Na ce Malam yana nufin gudun haske ɗaya ne a wurin kowa, ba abin da ke ƙara masa sauri. Saboda haka in madubi ya tunkari haske da gudu, tunda ba zai iya ƙara masa sauri ba, sai ya ƙara masa ƙarfi. Hasken da ya dawo launinsa yakan ɗan karkata zuwa shuɗi, kuma ba ya fita ta daidai kusurwar da zai fita da madubin a tsaye yake. Ƙarfin da ya ƙaru kuwa daga motar ya fito.

"Madalla!" in ji Kawu. "Ashe rediyon ba ta ɓata ka gaba ɗaya ba."

Dagaci ya ce, "Malam, bari in gane. Hasken da ya shiga idon shanun nan, ba shi ne wanda Allah ya aiko daga rana ba?"

"Ba daidai shi ba ne."

"An yi masa ƙari?"

"An yi."

"Daga motar da ka ɗauko?"

Nan ne Kawu ya hango ramin, amma ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarin fa ɗan mitsitsi ne. A gudun a-kori-kura bai kai kashi ɗaya cikin miliyan goma ba. Ba idon da zai gan shi."

Mai shanu ya sa baki, ya ce, "To ai ka ji, Malam. Shekara nawa bijiman nan suna kallon rana ba su taɓa gudu ba. Sai da ka sa mata yajinka."

Dagaci ya ce, "Mitsitsi ko babba, akwai ko babu?"

Kalma ɗaya za ta fitar da Kawu. Na ga leɓensa yana motsi. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan jan biro a kan amsar yara ba ya iya cewa babu a inda akwai. Ya ce, "Akwai."

"To, Alhamdu lillahi. Da na ce ba mai hannu a ciki, kai da bakinka ka ce da naka. Rabon rana mun bar wa Allah. Naka rabon kuma ba mu da mudun auna shi, sai ka gyara gonar duka." Dagaci ya sake duban Kawu. "Af, zanen da mata suka rufe shi da shi fa, shi ma ƙara wa haske ƙarfi yake yi?"

Kawu ya ce zane ba ya mayar da haske irin na madubi. Dagaci ya ce shi ma haka ya yi zato.

A hanyar komawa Kawu bai yi maganar gona ba. Abin da ya dame shi, wai a fassarata ban ambaci cewa da madubin gefe yake kallo, yana tafiya a kan tsawon fuskarsa, da ba abin da zai canja. Na ce ai da ya ɗaure shi haka.

Ranar Talata ya koma ƙauyen da irin gyaɗa da mazan gidansa, shi ma da fartanya a kafaɗa, hannunsa ya yi kanta kafin azahar. Da aka zo auren ƙanwar amaryar bayan shekara biyu, an kai madubinta a naɗe da zane biyu, kuma Kawu ne ya ɗaure igiyar.