Baba Dogara, Mai Wanke Inji a Gaban Kowa

Ƙarfe shida na safe Baba Dogara kan buɗe rumfar injin markaɗen unguwarmu a Kafanchan. Kafin ya ja igiyar inji, mata sun jera bokitai. Wadda ta riga zuwa ita ce a gaba, ko matar fasto ce ko matar liman. Sauran dokarsa ɗaya ce: gero da wake da kayan miya da safe, tsiron dawar masu burkutu sai yamma. Da ya gama na yamma, sai ya kwance inji ya wanke shi tas a bakin titi, a gaban duk mai wucewa.

Ba mu san darajar wankin nan ba sai bayan rikicin addini na 1987, lokacin da maƙwabci ya daina amsa gaisuwar maƙwabci. Kowa ya koma sayayya wajen nasa, amma ban da markaɗe. Hajiya Kubra, mai ƙosan bakin tasha, ita ta fara dawowa da wakenta, matan layinsu suka biyo ta. Da aka tambaye ta dalili, cewa ta yi, "Da idona nake ganin yana wankewa. Me kuma zan nema?" Rumfar nan ce ta rage inda matan ɓangarorin biyu ke tsayawa tare har su yi wa juna tsiya.

Kai ne ka riƙe mana wannan, Dogara, da soso da ruwan rijiya. Mu kuwa muka zo da ilimi.

Injin na ƙungiyar unguwa ne, kuma a 1994 aka ba ni sakatare, ina ɗan malami sabon fitowa daga kwalejin horar da malamai ta Gidan Waya, kaina cike da tsari. Na kawo kati mai lamba, fom na cikewa, da akawun da zai riƙa kiran suna. Na ce lamba ce za ta yi aiki, ba safe ba yamma.

Dogara ya juya katin ya ce, "Ticha, wannan takarda ya san abin da ke cikin bokiti?"

Muka yi dariya, muka ce tsoho ba ya son ci gaba.

Wata biyu aka yi. Ranar da Dogara ya tafi jana'izar ƙanensa a Fadan Kagoma, Hajiya Kubra ta aiko da geron kunun sunan jikanta. Lambarta goma sha biyu, ta sha ɗaya kuwa tsiron burkutu ne. Akawu ya bi lamba kamar yadda na koya masa, ba a wanke komai ba. Wata mata ta gani, kafin azahar labari ya kai gidan suna. Baƙi suka ƙi taɓa kunun, aka zubar da shi a kwata.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Da Dogara ya dawo, ya je har gidanta, ya durƙusa a kan laifin da ba nasa ba. Ta ce, "Baba, ba kai ba ne, na sani. Amma yanzu ban san hannun wa zan tarar ba." Kafin shekara, layinsu sun sayi nasu injin.

Mun ƙona katunan, ya koma tsohon tsarinsa, bai taɓa ce mini "ai na gaya maka" ba. Da ya faɗa, da na fi samun sauƙi.

Bana, 1998, ya ajiye aiki bayan shekara ashirin da biyu. Masu ƙananan sana'o'i, kafin ku ƙara doka, ku tambayi mai riƙe da aikin abin da tsohuwar take karewa. Mun gode, Baba Dogara, Allah ya saka maka.

Ranar da ya miƙa mini makulli, na ce ya nemi duk abin da yake so ƙungiya ta yi masa. Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce, "In Hajiya ya dawo, a sa nata farko."

Har yau ba ta dawo ba.